Kunama a Bakin Rumbun Bayanai

Duk malamin da ya taɓa riƙe rajistar maki ta takarda ya san cewa takarda ba ta iya rufa asiri. In aka kankare lamba da reza, wurin yakan yi laushi ya yi haske. In aka shafa farin ruwan gyara, tabonsa na nan. In kuwa aka dora rubutu a kan wani, bambancin tawada da na hannu sukan tona. Shugaban makaranta mai lura ba ya bukatar wani ilmi na musamman kafin ya gane an taɓa shafi. Na'ura mai ƙwaƙwalwa, wato kwamfuta, ba haka halinta yake ba. Idan aka mayar da maki 38 ya koma 83 a cikinta, sabuwar lambar takan zauna daram a gurbin tsohuwar, ba tabo ba alama, kamar da ita aka fara. Wannan tsabta da ake yaba wa na'urar ita ce kuma babbar kafar da maha'inci ke bi, haka shi ma mai kuskure da ba ya son a sani.

Saboda haka wajibi ne duk makaranta ko asibiti ko banki da ya mayar da rajistarsa cikin kwamfuta ya mayar wa bayanan nan da tabon da takarda ke da shi. Ɗaya daga cikin hanyoyi mafi sauƙi na yin haka ita ce wata dabara da masana suka ara wa sunan kunamar bindiga, wato ɗan ƙarfen nan da ake ja harsashi ya fita. Dabara ce mai amfani ƙwarai in an ba ta aikin shaida, mai gani ta rubuta. In kuwa aka mayar da ita baiwar da ke yin kowane aiki a ɓoye, to sai ta tuna wa mai ita ɗaya ma'anar sunan nata, ta harbe shi.

Rumbu da fasalinsa

Abin da ake kira rumbun bayanai tarin jadawalai ne masu alaƙa da juna. Wani Baturen Ingila mai suna Edgar Codd, wanda ke aiki da kamfanin IBM a Amurka, shi ya shimfiɗa wannan tsari a wata maƙala da ya fitar a 1970. A 1974 kuma wasu abokan aikinsa biyu, Donald Chamberlin da Raymond Boyce, suka gabatar da harshen da daga baya aka san shi da SQL, wanda da shi ake yi wa rumbu magana har gobe. A rumbun makaranta, alal misali, za a tarar da jadawalin ɗalibai, da na darussa, da na maki. Kowane jadawali yana da gurabe, kamar gurbin suna da na aji da na maki, kuma kowane ɗalibi yana da layinsa.

Abin lura a nan shi ne sauyi iri biyu ne ke iya samun rumbu. Na farko sauyin abin da ke ciki: a ƙara layi, a gyara shi, ko a share shi. Na biyu sauyin ginin kansa, wanda ake kira fasalin rumbu: a ƙirƙiri sabon jadawali, a cire gurbi, a sauya irin abin da gurbi ke karɓa, ko a ɗage wani sharaɗi. Na farko kamar ɗiban hatsi ne ko zuba shi. Na biyu kamar fasa sabuwar ƙofa ne a bayan rumbun. Mutane sun fi sa ido a kan na farko, alhali na biyu ya fi haɗari, domin sau ɗaya ake yin sa amma illarsa ta shafi duk abin da zai biyo baya.

Yadda kunama ke aiki

Kunama ɗan gajeren umurni ne da ake ajiyewa a cikin rumbun kansa, a ɗana shi kamar tarko. Ba wanda ke kiran sa. Da kansa yake tashi da zarar abin da aka ɗana shi dominsa ya auku. Abubuwa uku ake fayyace mata: aukuwar da za ta tashe ta, sharaɗin da za ta duba, da aikin da za ta yi. Ana kuma zaɓar lokacinta, ko ta tashi kafin sauyin ya shiga, ko bayan ya shiga.

A ɗauki jadawalin maki. Sai a gina wani jadawali na daban, a kira shi kundin sauye-sauye, sannan a ɗana kunama da cewa: duk lokacin da aka gyara gurbin maki, idan sabuwar lamba ta saɓa da tsohuwa, a rubuta a kundin lambar ɗalibin, da tsohon maki, da sabon maki, da sunan da aka shiga rumbun da shi, da rana da sa'a. Ke nan ranar da 38 ta koma 83, layi ɗaya zai bayyana a kundin ba tare da wanda ya yi gyaran ya nema ba. Wataƙila gyaran halal ne, malami ne ya juya lambobin da kuskure tun farko. Kunama ba ta yanke hukunci. Iyakarta ta sa tambayar ta yiwu.

Fifikon wannan dabara a kan rubuta irin wannan doka a cikin manhajar da magatakarda ke amfani da ita shi ne ƙofofin rumbu suna da yawa. Akwai manhajar ofis, akwai ta wayar hannu, akwai kuma ƙwararren da ke shiga kai tsaye ya rubuta SQL da hannunsa. Dokar da aka sa a manhaja ɗaya ƙofa ɗaya take gadi. Kunama kuwa a jikin jadawalin take, ta kowace ƙofa aka biyo sai an taka ta.

Tunanin ba sabo ba ne. Tun 1976 wani mai bincike na IBM, Kapali Eswaran, ya rubuta rahoto a kansa. Kamfanin Oracle ya sa kunama a fitowa ta 7 ta manhajarsa a 1992, aka shigar da ita cikin ƙa'idar SQL ta duniya a 1999, MySQL kuma ta same ta a 2005. Amma duk waɗannan kunamun abin da ke cikin jadawali suke gadi. Masu gadin fasali sun zo daga baya: Oracle a 1999, SQL Server na kamfanin Microsoft a 2005, sai PostgreSQL a fitowarta ta 9.3 a 2013. Ita PostgreSQL, ba laifi ɗalibi ya sani, daga aikin binciken jami'a ta samo asali, wanda Michael Stonebraker ya fara jagoranta a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a 1986, kuma kyauta ake samun ta.

Gadin fasali

Me ya sa sai an gadi fasali? A sake komawa jadawalin maki. Mai gina rumbu nagari zai sa sharaɗi cewa maki ba zai gaza 0 ba, ba kuma zai wuce 100 ba. Wata rana wani ma'aikaci yana sauri ya loda sakamakon aji guda, rumbun ya ƙi karɓa saboda akwai layin da aka buga 770 maimakon 77. Maimakon ya nemo layin, sai ya ɗage sharaɗin, ya loda, da niyyar ya mayar daga baya, ya manta. Watanni uku ba wanda ya lura. Ranar da aka ga ɗalibi da matsakaicin maki 140, ba mai iya cewa yaushe katangar ta faɗi, balle a san yawan kurakuran da suka shige ta wurin. Kunamar da ke gadin layuka ba za ta ce komai a kan faɗuwar katangar ba, domin ba layin da aka taɓa lokacin da aka ɗage sharaɗin.

Kunamar fasali ita ke toshe wannan giɓi. Takan tashi idan aka ba da umurnin ƙirƙira, ko na sauyawa, ko na rushewa, waɗanda a SQL ake rubuta su CREATE da ALTER da DROP. A SQL Server, misali, ana miƙa wa kunamar bayanin irin aukuwar, da lokacinta, da sunan wanda ya shiga, da sunan abin da aka taɓa, da cikakken umurnin kamar yadda aka buga shi. Layuka kaɗan na SQL sun isa a kwashe wannan a zuba a kundi. Aikin rabin sa'a ne, amfaninsa kuwa na shekaru, kuma ba ya nauyaya wa na'ura, tun da ba kullum ake taɓa fasali ba. Da wuya a sami wani aiki a wannan fage mai arha irin wannan da ake yawan sakaci da shi.

Bayan durƙushewar kamfanin Enron a 2001 da na WorldCom a 2002, majalisar Amurka ta kafa dokar Sarbanes-Oxley a 2002, wadda ta ɗora wa shugabannin manyan kamfanoni alhakin tabbatar da ingancin hanyoyin tsare lissafinsu. Daga nan tambayar wa ke da ikon taɓa rumbu, kuma ina shaidar abin da ya taɓa, ta zama cikin tambayoyin yau da kullum na masu binciken kuɗi.

Amma labarin da ya fi nuna nauyin wannan tambaya daga Birtaniya ya fito. A 1999 hukumar gidan waya ta ƙasar ta fara amfani da wani tsarin lissafi na kwamfuta mai suna Horizon, wanda kamfanin Fujitsu ke kula da shi. Tsarin ya riƙa nuna giɓin kuɗi a ƙananan rassa, aka riƙa tuhumar masu riƙe da rassan da sata ko ha'incin lissafi. Tsakanin 1999 da 2015 an gurfanar da fiye da mutum 900. Wasu sun tafi kurkuku, wasu sun yi asarar gidajensu da mutuncinsu a garuruwan da kowa ya san su. Shekara da shekaru hukumar tana musanta cewa wani na iya taɓa lissafin reshe daga nesa ba da sanin mai reshen ba. Sai da mutum 555, ƙarƙashin jagorancin Alan Bates, suka kai ƙara, sannan a 2019 Mai Shari'a Peter Fraser na Babbar Kotu ya tabbatar da cewa tsarin yana da kurakurai, cewa ma'aikatan Fujitsu suna da ikon shiga su sauya bayanan reshe daga nesa, kuma matakan da aka sa don taƙaita wannan iko da rubuta yadda aka yi amfani da shi ba su wadatar ba. A 2021 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta wanke mutum 39, a 2024 kuma majalisar ƙasar ta yi doka ta soke ɗaruruwan hukunce-hukuncen.

Ba za a ce kunama ɗaya za ta hana wannan bala'i ba. Matsalar ta fi ƙarfin dabarar na'ura, ta haɗa da taurin kan hukuma. Abin da labarin ke nunawa shi ne inda ba cikakken kundin abin da masu babban iko suka yi, nauyin zargi kan ƙaramin ma'aikaci yake faɗawa, domin sunansa kaɗai ke rubuce. Kundin sauye-sauye yana kama mai laifi, amma aikinsa mafi girma shi ne wanke wanda ba shi da laifi. Magatakardan makaranta da ake zargi da sayar da maki ya fi kowa bukatar a ɗana kunamar.

Inda kunama ke harbin mai ita

Da zarar mai kula da rumbu ya ɗanɗana daɗin aikin da ke yin kansa, sai kwaɗayi ya shiga. Ya ce ai kunama za ta iya lissafa matsayin kowane ɗalibi a aji duk lokacin da aka shigar da maki, ta aika wa iyaye saƙo, ta gyara jadawalin kuɗin makaranta, ta kuma ƙara wa ɗalibi aji. Duk za ta iya. Bai kamata a ba ta ba.

Dalili na farko, aikinta a ɓoye yake. Wanda ya karanta umurnin da ya gyara layi ɗaya ba zai ga cewa jadawalai biyar sun motsa ba. Wanda ya ɗana kunamar ya sani, amma ma'aikata suna sauya wurin aiki, kuma wanda ya gaje shi zai kwana yana neman aljanin da ke sauya masa lambobi. Bugu da ƙari, kunama na iya tayar da wata kunamar, ita ma ta tayar da wata, har su zagayo kan ta farko. Saboda haka ne SQL Server ya kafa iyaka: in sarƙar ta wuce hawa 32 sai ya soke aikin gaba ɗaya.

Dalili na biyu, kunama a cikin dunƙulen aikin da ya tashe ta take gudana. Wato rumbu yana ɗaukar sauyin da aikin kunamar a matsayin abu guda, ko duka su tabbata ko duka su warware. Ke nan in kunamar na jiran saƙo ya tafi ta intanet, malamin da ke shigar da maki shi ma yana jira. In saƙon ya ƙi tafiya, makin ma ya ƙi shiga. In aka loda layi 50,000 a lokaci guda, kunamar da aka ɗana ga kowane layi sau 50,000 za ta tashi. Mafi muni ita ce kunamar da ke tashi lokacin shiga rumbu, wadda SQL Server ke da ita tun zamanin fitowar 2005, PostgreSQL kuma ta samu a fitowa ta 17 a 2024. Kuskure ɗaya a cikinta ya isa ya kulle kowa a waje, har da wanda ya rubuta ta, sai an bi ta wata ƙofar gaggawa da masu manhajar suka tanada.

Ayyukan kulawa da suka dace da kunama su ne gajeru, waɗanda ake iya bayyanawa a jimla ɗaya: buga ranar da aka taɓa layi, ba wa masu bincike izinin karanta duk sabon jadawalin da aka ƙirƙira, ƙin karɓar jadawalin da sunansa ya saɓa wa ƙa'idar da aka yarda da ita, ko hana rushe kowane jadawali a makon da ake haɗa sakamakon jarrabawa. Wannan na ƙarshe ya ceci mutane da yawa daga kuskuren yatsa. Kuma ko waɗannan ɗin, ya kamata a rubuta jerinsu a takarda a ajiye inda magaji zai gani.

Wasu ƙwararru sukan ce ba a ma bukatar kunamar fasali. Hujjarsu ita ce akwai manhajoji irin su Liquibase da Flyway, waɗanda da su ake rubuta kowane sauyin fasali a fayil mai lamba, wani ya duba ya amince, sannan a zartar. Hanya ce mai kyau, kuma duk hukumar da ta iya ya kamata ta bi ta. Sai dai malamai sun san bambancin tsarin darasi da littafin abin da aka koyar a mako. Fayilolin nan niyya suke nunawa, wato abin da aka shirya yi. Kundin kunama abin da ya auku yake nunawa, har da gyaran da wani ya yi da ƙarfe 2 na dare bai gaya wa kowa ba. Amfanin yana cikin gwama su biyun: duk sauyin da ya bayyana a kundi amma babu shi a fayil, a nan bincike zai fara.

Wa ke gadin mai gadi?

Akwai iyakokin da bai kamata a ɓoye wa ɗalibi ba. In aka warware sauyi kafin ya tabbata, layin da kunama ta rubuta a kundi shi ma yakan warware, don haka yunƙurin da bai yi nasara ba ba ya barin sawu a nan. A SQL Server akwai umurnin TRUNCATE da ke kwashe layukan jadawali kaf ba tare da ya tayar da kunamar sharewa ba. A PostgreSQL kunamar fasali ba ta tashi a kan umurnin da ya shafi kunamun fasali su kansu. Ma'ana, mai babban iko na iya kashe ta, ya yi abin da zai yi, ya sake kunna ta, ko kuma ya shiga kundin ya goge layin da ya dame shi. A bar kundi a hannun wanda aka yi kundin dominsa, an ba kura ajiyar nama ke nan.

Maganin wannan rabinsa na na'ura ne, rabinsa na shugabanci. A riƙa kwafe kundin zuwa wata na'ura ta daban wadda mai kula da rumbu ba shi da mabuɗinta. Kowane ma'aikaci ya shiga da sunansa da kalmar sirrinsa. Ofishin da mutum shida ke amfani da suna ɗaya, kundinsa ba zai faɗi komai ba sai cewa wani ya yi. A kuma sa wani mutum, ko mataimakin shugaban makaranta ne, ya riƙa karanta kundin a kai a kai, domin kundin da ba a buɗewa bai fi rashinsa da yawa ba. Masu manhaja ma sun gane wannan rauni: ƙa'idar SQL ta 2011 ta kawo jadawalai masu ajiye tsofaffin layukansu da kansu, SQL Server kuma a fitowar 2022 ya ƙara wani irin jadawali da ake ɗaure layukansa da lissafin sirri yadda in an taɓa tarihi za a gane.

Sannan kunama a cikin rumbu take zaune, ba ta ganin abin da ya zo daga wajensa. A ranar 31 ga Janairu 2017 wani injiniyan kamfanin GitLab, yana ƙoƙarin gyara wata matsala da dare, ya share fayilolin babban rumbun kamfanin yana zaton na ko-ta-kwana ne. Kusan gigabait 300 suka tafi cikin daƙiƙoƙi. Ba ta harshen SQL ya bi ba, don haka ba kunamar da za ta iya tashi. Da aka waiwayi kwafin ajiya kuma sai aka tarar hanyoyin da aka dogara da su ba sa aiki yadda ake zato. Wani kwafi da aka ɗauka kimanin sa'o'i 6 kafin aukuwar shi ya cece su, bayanan sa'o'in nan 6 kuwa suka salwanta. Kamfanin ya bayyana wa duniya yadda abin ya faru dalla-dalla, abin da ya cancanci yabo.

Malamin kwamfuta ba ya bukatar kuɗi kafin ya nuna wa ɗalibansa duk wannan. SQLite, ƙaramar manhajar rumbu da Richard Hipp ya fitar a 2000, kyauta ce, tana cikin kowace wayar Android, kuma tana karɓar kunamar layuka, ko da yake ba ta da ta fasali. Don wannan sai a ɗauko PostgreSQL. Sai a raba aji gida biyu. Rukunin farko su gina jadawalin maki na ɗalibai 20 na ƙage, su ɗana kunama da kundinta. Rukuni na biyu a ba su minti 30 su sauya makin mutum ɗaya ba tare da an gane ba. Bayan nan rukunin farko su dawo su nemo abin da aka taɓa, da wanda ya taɓa, da lokacin. A zagaye na biyu sai malam ya ba rukuni na biyu cikakken ikon mai kula da rumbu, a sake gwadawa, kowane rukuni ya rubuta abin da kundin ya nuna a wannan karon da abin da ya kasa nunawa.